Ranar da Aka Yi Ruwan Kalwa a Kankara

A unguwar su Alhaji Gide da ke Kankara babu wanda bai san Jidda ba, ko da yake mutum ɗaya ne tak a cikinsu ya taɓa taka ta. Shekara shida ke nan da dawowarsa, amma bakinsa bai gama saukowa daga jirgin ba. In aka ce yau rana ta yi zafi, sai ya ce ba a ga ta Jidda ba. In aka kawo tuwo majalisa, sai ya dangwali miyar da yatsa, ya girgiza kai, ya ce mutanenmu ci kawai suka iya, girki kam ba su san shi ba. Daga nan sai ya tashi da malmala biyu yana tausaya musu.

A faɗarsa, shi ne babban kuku a gidan wani hamshaƙin Balarabe, kuma abin da ya fito da sunansa shi ne shurbar adas. Adas ɗin wani ɗan wake ne mitsitsi, fale-fale, ja-ja, da ake dafawa da kayan ƙamshi har ya narke ya zama romo mai kauri, a matsa masa lemon tsami. Gide ya sha ba da labarin ranar da Balaraben ya kurɓi cokali ɗaya ya fashe da kuka, ya cire agogon hannunsa ya ɗaura masa. In aka tambayi ina agogon, sai ya ce ya ƙi aiki da lokacin Najeriya, shi ya sa ya baro shi can. Yana faɗi yana yaƙe baki don a ga haƙorin Makka yana ƙyalli.

Gaskiyar maganar kuwa, wadda daga shi sai Mahaliccinsa, sati goma sha ɗaya ya yi a bayan wani gidan abinci yana wanke tukwane, kafin a kwaso shi da sauran marasa takardu a dire su a Kano. Shurbar adas a gindin tukunya ya san ta, bayan ta kama. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai kai Makka ba. Tafiyar awa guda ce tsakaninsa da Ɗakin Allah, yana ta cewa gobe, gobe, har aka yi ram da shi. Duk wanda ya kira shi Alhaji yakan amsa da ƙarfi, amma sunan yana tsunkulinsa a zuci, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya koma ya cika shi.

Wata ranar kasuwa suna zaune gindin darbejiyar Ɗanlahadi mai faci, inda majalisarsu take, Gide ya kai daidai wurin kukan Balarabe, sai wani baƙo da ake yi wa motarsa faci ya matso da kujerarsa. Alhaji Lawwali ne, dillalin masara daga Sabuwa, wanda ba ya fashin kasuwar Kankara. Ya ce shi kam Allah ne ya fasa masa tayar nan. Duk azumi yana kai mahaifiyarsa, Hajiya Nana, Umra, kuma tsohuwar ba ta buɗa baki da komai a can sai shurbar adas. Ta gidan abinci tana ɓata mata ciki, ya daɗe yana neman ɗan gida da zai riƙa dafa mata a masauki.

"Kasuwa mai zuwa zan taho da ita," in ji shi. "In ta sha ta ce ta yi, kujera ɗaya taka ce, Alhaji."

Mai hankali da sai ya ce a ba shi lokaci ya tuna. Gide kuwa gyara zama ya yi, ya ce ai wanga ba girki ba ne, wasa ne, kuma adas ɗin ma yana da shi gwangwani guda a ɗaka, na asali, wanda ya taho da shi da hannunsa.

Kwana shida ya yi yana shiri, kuma duk shirin da baki ya yi shi. Ya gayyaci majalisa kaf, ya gayyaci liman, ya gayyaci mai unguwa, ya tare mutane a hanyar masallaci yana ce musu kada su karya kumallo ranar. Ya kai wa tela buhun fulawa ya ɗinka masa doguwar farar hula irin ta kukun Jidda, ta fito da sauran rubutun kamfani a goshi. Sai ana gobe kasuwa, da safe, ya tuna da gwangwanin. Ya taka kujera ya sauko da shi daga saman sif, ya hure ƙura, ya yi bismilla ya buɗe. Maɓallai ya gani, da zare, da allura biyu.

Matarsa Suwaibatu mace ce marar yawan magana, ba don ba ta da ita ba, sai don shekara goma sha tara ba ta samu inda za ta saka ta ba. Tana tankaɗe ya zo ya tsaya mata a ka da gwangwani a hannu.

"Suwaiba, ina adas ɗina?"

"Ai tsaraba ce, Alhaji. Ran da ka dawo mata suka cika gidan nan da barka da sauka. Ba dabino, ba zamzam, ba bagaruwa, ko zobe ɗaya babu. Mi zan ba su? Na riƙa ɗibar masu kaɗan-kaɗan a tafin hannu, ina cewa daga ƙasa mai tsarki."

"Shekara shida ba ki faɗa mani ba?"

"Shekara shida kana magana."

Gide bai tsaya ya ji zafin wannan ba, ya zari takalmi ya shiga unguwa gida-gida yana karɓo tsarabarsa. Nan ya gano cewa babu mahalukin da ya dafa ta, don abin da ya fito daga can ba a yi masa wannan rashin ladabin. Matar liman ta jiƙa nata ta ba yaro lokacin haƙori. Wata tsohuwa ta kai nata an ɗinke a fata ta rataya wa jikanta, jikan kuma yana Legas yana acaɓa. Ɗanlahadi ya ce shi shuka nasa ya yi a bayan gida, wani abu dai ya fito, amma akuya ta riga shi gani. Matar mai unguwa a rumbu ta watsa nata don dawa ta yi albarka, saboda haka Gide ya tuɓe riga ya faɗa rumbun mai unguwa, ya yi awa biyu yana tsintar adas a cikin dawa, ya fito fari fat da ƙaiƙayi, riƙe da ƙwaya huɗu.

Kaso mafi tsoka yana wurin ƙanwarsa Zulaihatu da ke aure a Faskari. Ya hau babur ya bi hanyar nan da ramukanta suka fi kwaltarta yawa, yana tafe yana waige. Zulaihatu ta nuna masa abinta a kwalbar turare, rataye a akurki, ta ce tun da ta rataya shi kaza ɗaya ba ta mutu mata ba, don haka ko Yaya ne ba za ta saki kwalbar ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuno mata goyon da ya yi mata tana ƙarama. Da ƙyar ta zazzago masa ƙwaya tara, bayan ya yi mata alkawarin zamzam jarka guda. Kafin magariba ya iso gida yana tura babur, ya juye abin da ya tara a murfin kwano. Ƙwaya arba'in da ɗaya, biyu daga ciki ma Suwaibatu ta ce ita ba ta yarda da asalinsu ba.

Gari ya waye ranar kasuwa, Gide na tsaye tsakar gida ya rasa tudun dafawa, sai idonsa ya tsallaka darnin karan da ya raba su da Tabita mai daddawa. Tana durƙushe tana wanke kalwa, wato ƙwallon ɗorawa da ake yin daddawa da shi. Gide ya ƙura ido. Fale-fale, zagayayye, mai sheƙi. Ya miƙa hannu ta saman darni ya ɗauki ɗaya, ya jera shi da ƙwayar adas a tafin hannunsa, sai fuskarsa ta washe.

Ya sanar da Tabita cewa shekara da shekaru tana zaune kan adas ba ta sani ba. Abu ɗaya ne, in ji shi, illa dai na nan ya samu ƙasa mai kyau ya yi ƙiba, rana kuma ta ɗan ƙona shi.

"Alhaji, kalwa ce fa," in ji Tabita. "Ni da na gaji sana'ar nan, in na ɗora ta yau da safe sai gobe war haka nake saukewa, shi ma sai in ta ga dama."

"Don ba ki san sirrin ba ne. Auno mani tiya uku."

Ya sa hular buhun fulawa, ya kori Suwaibatu daga madafa, ya ce yau kada mace ta kusanci murhu. Ya jawo babbar tukunyarta ta dalma, wadda duk bikin unguwar da ita ake yi, ya ɗora, ya juye kalwar. Sannan ya ɗauko ƙwayoyin adas arba'in da ɗaya ya zuba a kai cikin girmamawa, ya bayyana wa Tabita cewa waɗannan su ne za su fara narkewa, sauran su gani su yi koyi.

Kayan ƙamshi kam ya tuna ƙamshinsu, awonsu ne bai taɓa gani ba. Ya watsa citta tafi biyu, kanumfari tafi biyu, masoro, kimba, barkono, tafarnuwa da ɓawonta. Ya shinshina ya ji da saura, sai ya tuna gidan abincin nan na Jidda kullum yana tashin turaren wuta, ya shiga ɗakin Suwaibatu ya ɓallo guntu ya jefa. Ita kuwa ta dube shi, ta dubi tukunyarta. Ta san dai baƙuwa tsohuwa za ta taso tun daga Sabuwa, kuma ba a gidanta za a bar ta da yunwa ba. Ta ɗebi farin wake ta jiƙa, ta ɗauki ɗan kurfotinta na gawayi ta koma lungun bayan ɗakinta.

Da hantsi itace ya ƙare, kalwa na nan yadda take, sai ma ƙarin sheƙi. Gide ya sa ƙotar fartanya, ya sa kujerar tsakar gida, ya koma yana zarar karan darni ɗaya bayan ɗaya. Kafin wani lokaci darnin ya tafi gaba ɗaya, gidansa da na Tabita suka zama fili guda, matan unguwa da suka shigo sayen daddawa suka nemi wuri suka zauna. Wata ta tambaya ko a Jidda ma da darni ake dafawa. Gide ya ce can darnin na gilashi ne.

Ya tsamo ƙwaya ɗaya da ludayi don ya nuna musu yadda ta fara laushi, ya jefa a baki ya gartsa. Aka ji ƙas. Ya buɗe baki zai ce wani abu, haƙorin Makka ya sulluɓo ya faɗa tukunya. Matan suka yi salati. Gide ya leƙa cikin tafasar, ya ga ba hali, ya rufe giɓin da leɓe ya ce da ma da gangan ya yi, manyan kukun can sukan sa ɗan zinari don ɗanɗano ya zauna.

Amma rana tana ta hawa, kalwa ko gezau. Can sai ya tuna da wata tukunya ta Jidda mai murfin da ake ɗaurewa tamau, wadda ko ƙafar sa aka sa mata ba ta awa guda. Bai taɓa ganin ta a kan wuta ba, amma murfinta ya wanke shi ya fi sau ɗari, har ya san akwai wata 'yar huda a tsakiyarsa, wadda kullum yake tausaya wa Larabawa a kanta, masu kuɗi kamarsu suna fama da murfi mai yoyo. Ya jefa dunƙulen kanwa biyu a tukunya, ya kifa murfi, ya liƙe bakin da laka, ya aika aka kira Ɗanlahadi ya zo da robar tsohon tiyub.

Ɗanlahadi ya zagaya tukunyar sau ɗaya yana sosa ƙeya.

"Alhaji, ko taya fa sai an bar mata bawul."

"Ta nan ɗanɗano ke zurarewa. Kai dai ɗaure."

"In ta cika ta rasa hanya fa?"

"Ka taɓa zuwa Jidda?"

Ɗanlahadi ya ce bai taɓa ba, ya ɗaure, ya ja baya. Gide ya ɗora dutsen niƙa a kan murfin. Da murfin ya fara rawa ya ƙara da turmi. Da turmin ya fara rawa ya hau da kansa ya zauna, amma bai kai ƙirgen uku ba ya diro yana fifita bayansa da hula, ya ce nauyin ya isa haka.

Ana sallame azahar motar Alhaji Lawwali ta tsaya a ƙofar gida. Suwaibatu ta fito ta kamo hannun Hajiya Nana, tsohuwa 'yar firit mai sanda da nauyin kunne, ta bi da ita ta gefen katanga, nesa da murhu, ta zaunar da ita a ɗakinta. Maza kuwa suka cika tabarmin ƙofar gida, liman da mai unguwa a gaba, kowa da kwanonsa, wasu tun jiya ba su ci komai ba.

Tukunya ta yi gurnani, ta yi fito, ta yi wani kuka kamar na tsohuwar akuya. Daga nan sai ta yi tsit. Da Tabita ta ji shirun nan ba ta yi wa kowa bayani ba, ta kwance akuyarta ta ja ta ta yi waje, sauran matan suka rufa mata baya. Gide kuwa ya ce alhamdu lillahi, ta nuna. Ya gyara hula, ya fito ƙofar gida ya tsaya gaban jama'a, ya ce kafin a zuba yana so ya ɗan yi musu bayanin yadda ake shan shurba, don kada su ba shi kunya gaban baƙo. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Ƙarar da ta tashi har a kasuwa an ji ta. Kafin kowa ya gama salati sai kwanon rufin unguwar ya ɗauki amo, tas-tas-tas, daga wannan gida zuwa wancan, kalwa tiya uku tana saukowa daga sama. To mutanen Kankara ba sa bukatar a fassara musu irin wannan ƙarar, zaman shekarun nan ya koya wa ƙafafunsu abin yi tun kafin kai ya yi tunani. Kowa ya ari ta kare. Liman ya tsallake kwata da babbar riga bai taɓa ruwa ba. Mai unguwa ya faɗa rumbun da Gide ya fito jiya. A kasuwa wani ya gudu da ragon da bai gama tayawa ba, mai ragon na biye da shi, ba don ragon ba, don hanyarsu ɗaya. Alhaji Lawwali mutumin Sabuwa ne, ya fi kowa sanin aikin, ya shige ƙarƙashin motarsa hularsa ko karkacewa ba ta yi ba.

A ɗakin Suwaibatu kuwa, Hajiya Nana ta ɗago kai daga kwanon da ke gabanta ta ce, "Wa alaikumus salam, a shigo."

Sai da 'yan sintiri suka iso da bindigoginsu suna tambayar ta ina ɓarayin daji suka ɓullo, sannan mutane suka fara leƙowa. Aka bi sawun kumfa har tsakar gidan Gide. Tukunya tana kwance a gefe, baƙa ƙirin, tana hayaƙi. Turmi ya rabe biyu. Dutsen niƙa ya sauka a akurkin Tabita, kaji sun koma kan katanga suna kallo. Bango, igiyar shanya, har randa, komai ya sha kumfar kanwa mai warin turaren wuta. Murfin kam wani ya rantse ya gan shi a sama ya nufi Yargoje. Da aka duba aka ga babu wanda ya ji ciwo, sai tsoro ya koma fushi, unguwa da rabin kasuwa suka cika gidan da ba shi da darni.

Mai unguwa, da ƙaiƙayin dawa a rawaninsa, ya ce Gide ya yi wa jama'a bayani. Gide ya share kumfa daga gira, ya ce ai a Jidda haka ake buɗe ta, sai dai can rufin gidajensu na kankare ne, ba a jin ƙarar. Ya tsuguna ya tsinci kalwa ɗaya ya ce a taɓa a ji yadda ta yi laushi. Shugaban 'yan sintiri ya karɓa ya matsa, ya jujjuya ta, ya tambayi Tabita ko za ta sayar musu da irinta su riƙa ɗura wa bindiga.

Ana cikin haka Hajiya Nana ta fito tana dogara sanda, Suwaibatu na biye da ita riƙe da kwano. Aka dare aka ba ta hanya. Ta nemi ɗanta, aka zaro shi daga ƙarƙashin mota. Ta nuna masa kwanon, wanda ta sha ya kusa ƙarewa: wake ne Suwaibatu ta surfe ta cire masa ɓawo kamar na ƙosai, ta dafa da albasa da tafarnuwa da 'yar citta har ya narke, ta matsa lemon tsami.

"Wanga wake ne, ba adas ba, kada a ruɗe ni," in ji Hajiya. "Amma wadda ta iya maida wake haka, ran da ta ga adas ba sai an koya mata ba. Lawwali, ɗiyar nan za ta bi ni."

Gide ya matso ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ni fa?"

Tsohuwa ta buɗe tafin hannunta. Haƙorin ne, ya shigo ta ƙofa ya faɗo mata kan tabarma. Kanwa ta cinye ruwan zinarin, ya koma kalar gwangwanin kifi.

"Sau uku ina sa haƙorin Makka, ban taɓa ganin mai tsatsa ba. A ina aka sa maka shi?"

Ga ƙarya nan a bakinsa, har guda uku, duk masu kyau. Amma ya dubi tsohuwar, ya dubi jama'a, ya dubi Suwaibatu da ke kallon ƙasa, sai ya ji ya gaji.

"Funtuwa, Hajiya."

Ta ce ba ta ji ba, ya ɗaga murya. Haka nan dole ya faɗi sauran da ƙarfi yadda na bayan katanga ma za su ji: babu Balarabe, babu agogo, tukwane ya wanke sati goma sha ɗaya, kuma ko ƙofar Makka bai gani ba. Masu shirin dariya suka haɗiye abinsu, don duk iya shegen Gide babu wanda bai san zafin a kai mutum bakin Ɗakin Allah a juyo da shi ba.

Hajiya Nana ta tauna dasashi. Can ta ce, "To wankin tukunyar, shi ka iya?"

"Wannan kam na iya, Hajiya."

Suwaibatu ta ce ita dai shekara goma sha tara ko cokali ba ta ga ya ɗauraye ba. Hajiya ta nuna baƙar tukunyar da sandarta, ta ce mai girki tana bukatar mai wanke-wanke, in ta dawo kasuwa mai zuwa ta ga fuskarta a gindin tukunyar nan, to, za a duba.

Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba a unguwar: Alhaji Gide zaune a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, da toka da yashi da soso, yana dirzar tukunya a bainar jama'a. Matan unguwa, da yake masu son taimako ne, suka ce bari su ba shi abin gwaji, kowace ta aiko da tata, har da waɗanda rabonsu da ganin soso tun bikin uwayensu. Tabita ta turo ta daddawa, wadda ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kanta. Gide bai mayar da ko ɗaya ba. Yana dirza yana gaya wa masu wucewa cewa a duk Jidda babu wanda ya kama ƙafarsa a wannan fanni. Mutane suka yi dariya kamar yadda suka saba, sai da suka ga tukwanen jere a rana suna kashe ido, sannan suka gane cewa yau kam, karon farko cikin shekara shida, gaskiya yake faɗi.

Ranar kasuwa Hajiya Nana ta dawo. Aka kifa mata tukunyar bikin a gabanta, ta sunkuya ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa hannu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta a ciki.

"Lawwali, kujera biyu," in ji ta.

Gide ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa, ya yi kukansa na gaske, ba irin na Balaraben nan ba. Kafin la'asar dai ya warware, har an ji shi a majalisa yana bayyana wa Ɗanlahadi cewa da ma duk tsari ne, sai tukunya ta yi irin wannan tashin sannan tsohon baƙinta ke saki.

Alhaji Lawwali bai musa masa ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya gindaya, a gaban liman da mai unguwa da shugaban 'yan sintiri: daga Kankara har Makka, har a dawo, ashana tana hannun Suwaibatu.